Ɗanbala Duba-gari da Saniyar Surukinsa

Kafin mahauta su gama wasa wuƙa, Malam Ɗanbala ya riga ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin darbejiyar mayanka. Shekara talatin da biyar ke nan yana haka a kasuwannin ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Duba-gari ne. Zai tsaga hanta ya leƙa, ya matsa huhu, sannan ya bi rumfuna yana buɗe wa mutane tukwane. Alalar jiya da aka ɗumama aka jera cikin ta yau, tun daga nesa yake gane ta. Shinkafar da ta yini a kula tana gumi, latas ɗin da aka ɗauraye a kududdufi, nonon da aka tsinka da ruwan da ba a san asalinsa ba, babu wanda bai sha zagi a kansa ba. Wannan watan zai ajiye aiki, kuma tukuicin da muka ba shi duk tsawon shekarun nan suna ne: Hana-ci.

Mu kuwa ba ma rasa hujja. "Kakanninmu ai haka suka ci suka rayu," in ji mu. Shi kuma ya ce, "Je ka maƙabarta ka tambaye su shekara nawa suka yi." In ciki ya murɗa kuma sai mu ce shawara ce, ko an yi mana baki. Alala dai ba ta taɓa laifi ba.

Shekara uku da suka wuce ya aurar da 'yarsa Na'ima. Uban ango, Alhaji Safiyanu na Zandam, mai shanu ne, ya yi alkawarin saniyar walima. Ashe saniyar ta kwana uku a kwance tana zawo. Da asubar ranar bikin aka ga tana shure-shure, aka yi maza aka sa mata wuƙa, aka ɗoro ta a a-kori-kura ana hamdala. A wurinmu in dai wuƙa ta riga mutuwa, magana ta ƙare. Nama ya halatta, saura albasa.

Ɗanbala ya dawo daga ɗaurin aure cikin babbar riga, ya tarar an gama fiɗa a ƙofar gidansa. Ya so ya wuce, wallahi ya so. Amma idonsa ya riga ya faɗa kan hanjin, jajawur da jini, hantar kuma ta kumbura ta yi dabbare-dabbare. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna.

Matarsa Azumi ta leƙo daga soro. "Malam, don girman Allah, yau ɗaya ka zama uban amarya."

"Uban amaryar ne ke dubawa."

Ya miƙe ya ce a haƙa rami.

Alhaji Safiyanu ya taso daga tabarma. "Mushe kake cewa na kawo maka?"

"A'a, Alhaji, halal ce. Amma halal ɗin nan za ta kwantar da rabin Zandam, da rabin garinmu."

"Shekara hamsin ina kiwo, yau za ka koya mini saniya?"

"Kiwo naka ne. Cikinta nawa ne."

"To binne ta. Ka kuma riƙe 'yarka, tunda ba mu isa mu ciyar da ita ba."

Ɗanbala ya tsaya yana jin kiɗan ƙwarya daga cikin gida, inda Na'ima ke zaune da lalle a ƙafa tana jiran motar Zandam. A waje kuma mutum ya kai ɗari uku, har da yara da tsofaffi, kowa ya taho da yunwarsa. Ya ɗauki galan da hannunsa ya kwarara wa naman kalanzir, don ya san halinmu: in ba haka ba, kafin la'asar wani ya tone.

Motocin Zandam suka juya babu amarya. Baƙi suka ci shinkafa da wake da mai da yaji suna tsaki. Har yau ana kiran bikin walimar garau-garau.

Abin da Ɗanbala bai sani ba shi ne, kafin ya dawo daga ɗaurin aure, mutum huɗu daga cikin masu taya fiɗa sun riga sun yanki gefen hantar sun ɗan kara ta a wuta, wai ɗanɗanon gishiri. Washegari da hantsi su huɗun suna jere a asibiti, kowa da ledar ruwa a rataye, ana rige-rigen ban-ɗaki. Ɗaya Ismail ne, ƙanin Alhaji Safiyanu, wanda jikinsa ya tsananta har sai da aka fara kiran dangi. Ɗaya kuma mai wannan rubutu ne, wanda jiya-jiya ya fi kowa ɗaga murya cewa Hana-ci ya zubar mana da mutunci.

A rana ta uku Alhaji ya dawo da kansa, da mota, da rago mai tafiya da ƙafafunsa. Ya miƙa igiya ya ce, "Duba shi tukuna, Malam." Mai kunya da sai ya ce haba, a wuce. Ɗanbala sai da ya buɗe bakin ragon, ya ja fatar idonsa, ya ɗaga wutsiya. Da yamma aka kai Na'ima ɗakinta.

Kai ne, Malam Ɗanbala, wanda aikinsa in ya yi kyau babu abin da ke faruwa, shi ya sa ba mu gan shi ba. Ba mu san yaran da ka hana mu binnewa ba. Naman da ka binne kawai muka riƙe. Hana-ci, mai hana kwanciya, Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutun da ba ka taɓa ba tukwanenmu ba.

Ku matasan da za ku gaje shi, ku gaji taurin kan ma. Mu kuma sauran, in abinci ya ba mu shakka, mu zubar. Na gwada ɗaya hanyar, kwana huɗu ce a gado mai lamba uku.