Ranar da na wanke mala'ika

Satina na biyu ke nan da fara shara a wata makarantar zane a Greensboro ta Amurka aka ba ni ɗakin mutum-mutumi. Wata Anti 'yar cocinmu ce ta tsaya mini na samu aikin, da sunanta aka ɗauke ni.

Ina buɗe ƙofa sai ga su. Waliyyai ne jere a kan katako, wani ba hanci, wani ba hannu, duk sun yi dukun-dukun da datti. A tsakiyarsu akwai wani mala'ika mai murmushi. Ni da na tashi a zumuntar mata a Kafanchan, inda duk satin Ista sai mun wanke mutum-mutumin Uwa Maryamu da soso da sabulu, raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, mutanen nan da ilimi, amma ba tarbiyya.

Na ɗebo ruwan ɗumi a bokiti, na fara da mala'ikan, har ina 'yar waƙa. Goga uku na yi na ga ruwan ya zama fari kamar koko. Na dubi soson, na dubi fuskar. Gefen bakinsa na hagu ya tafi.

Malamar ajin, wata tsohuwar Baturiya, ta shigo ta tarar da ni da soso a hannu. Ba ta yi faɗa ba, zama ta yi a kujera. Can ta ce wannan ba dutse ba ne, filasta ne, irin wanda ake ɗaure karaya da shi. An kwafo shi ne tun zamanin kakanninta daga jikin wata tsohuwar majami'a a Turai, don ɗalibai su koyi zane. Na asalin ma, ruwa da iska sun riga sun cinye masa fuska.

Na kira Anti na gaya mata. Ta ce, "Wa ya aike ki? Yana cikin lis ɗin aikinki? Yanzu da wane ido zan kalli sufabaiza?"

Ba a kore ni ba, kuma ba a ce wa Anti komai ba. Amma ɗakin ya ci gaba da zama nawa. Bayan sati biyu na shiga na tarar ɗalibai sun manna zanensu a bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kowa ya zana mala'ikan yadda ya gan shi, da rabin murmushi, da sawun sosona a kumatunsa.