Wata ta karɓi amshina

Jiya a kasuwar Ibohamane na ji muryata a wayar mai ƙosai. Waƙar da muka ɗauka ce bara ni da ƙawata Rabi, tana bayarwa, ni ina amshi ina kaɗa ƙwarya.

Ina juyawa sai ga Rabi. Tun da ta tafi kolej a Keita ba ta kira ni ba.

Na ce, "Rabi, kin ji mu?"

Ta ce, "Awo, na jiya. Ai mun sake ta can da piyano. Wata ce ta yi amshin."

Na ce Allah shi ba da sa'a, na wuce.

Ban yi fushi ba, na dai gaji da jiran kiranta. 'Yan uwa, in daina jira?