Jinin da Ya Wanke Ɗiyata

Lokacin kaka ne, amma shekarar ba ta yi mana daɗi ba. Da la'asar idanun ɗiyata kan rufe, taɓarya ta gagare ta. Ni kuwa da sassafe nake kai ta likita, bayan ta huta, sai a ce lafiyarta lau.

"Ragguwa ce," in ji kowa. Har da ni.

A Maradi wani lokotoro, babban likita, ya ɗibi jininta, aka aika ƙasar waje. Bayan wata biyu ya ce, "Inna, sojojin jininta ne ke yaƙar naman jikinta."

Har muka koma gida Madarumfa ɗiyata ba ta dube ni ba.

Kafin mu baro Maradi, na dai roƙi lokotoron ya rubuta bayanin da Hausa. Washegari na tsaya bakin rijiya, na karanta wa matan unguwa, baƙi-baƙi.