Malam Rabe Magini da Ɗakin Gwaggo Iklima

Da an idar da sallar asuba a Ƙofar 'Yandaka, kowa gida yake komawa, ban da Malam Rabe magini. Shi lungu-lungu yake bi yana duba gindin katangu. Inda ya ga danshi ya hau ƙasa sai ya tsaya ya yi sallama, a gaisa a tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce, "A gyara indararon nan kafin Juma'a." Shekara arba'in da wani abu ke nan yana haka, babu wanda ya sa shi. Rufin azara, yaɓe, ɗinke tsaga, da wuya ka sami gida a unguwar da hannunsa bai taɓa ba.

Daminar bana ta zo tare da mulkin farar hula, mutane suna ta murna soja sun koma bariki. Cikin ayyukan da aka fara har da gyaran hanyar bayan gidaje. Wani ɗan kwangila ya zubo jar ƙasa tuli-tuli, ya toshe tsohuwar kwata, ya ce zai dawo da siminti. Mako uku shiru. Ruwan da ya saba wucewa ya rasa hanya, ya koma yana kwanciya a gindin katangun ƙasa. Tun daga nan Malam Rabe ya daina cin abincin kirki. Ko hira ake yi, idonsa na gabas.

Wata Talata bayan azahar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Malam Rabe ya shiga gidan Gwaggo Iklima, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta, ya tarar da tsaga a bangon ɗakinta wadda jiya babu ita. Ya sa yatsa, yatsan ya shige. Ya leƙa ɗakin da sauri.

"Gwaggo, ki fito daga ɗakin nan yanzu."

"In fito in tafi ina, Rabe? Nan aka kawo ni, nan na haifi 'ya'yana. Ba ni fita."

Ya roƙe ta, ta juya masa baya. Iska ta fara kaɗa ƙyaure. Sai ya cire takalmansa, ya shiga, ya zauna daidai ƙarƙashin azarar da ta fi lanƙwasa.

"Mi kake yi haka?"

"Zama nake. In kin fita na fita."

Ta dube shi, ta dubi rufin da ƙasa ke zubowa daga gare shi kaɗan-kaɗan. "Tashi, don Allah, kada a ce ni na kashe wa unguwa magini." Ta ɗauki carbinta ta fice tana faɗa.

Abbas tela, maƙwabcinta, shi ya ba ni labarin sauran. Shi da Malam Rabe suka ɗauko itatuwa suka tokare azarun, ruwa na sauka. Daga nan Malam Rabe ya ɗauki shebur ya nufi bayan gida, ya shiga ruwa har gwiwa yana yanka hanya cikin jar ƙasar nan. Abbas ya ce yana kiransa ya fito, bai ko waiwayo ba. Maza suka ga dattijo mai shekara saba'in a cikin taɓo, kunya ta fito da su da fatanya da kwanoni. Kafin la'asar ruwan ya sami hanya. Duk da haka bangon baya na ɗakin ya zube, daidai inda gadon Gwaggo yake. Rufin ya tsaya a kan itatuwan.

Da rana ta buɗe, shi ya kwaɓa ƙasa ya tayar da bangon. Amma ashe gwiwarsa ta gurɗe a kwatar nan, kuma ba ta koma daidai ba. Yanzu ba ya iya hawa tsani.

Malam Rabe, kai ne ka ga tsagar da muka wuce ba mu gani ba. Kai ne ka zauna inda mu duka za mu gudu. Uban magina, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya. Mun gode.

Sai dai da na je gaishe shi, ba gwiwar ya yi mini kuka da ita ba. Ya ce, "Kowa bulo yake koya yanzu. Gidajen ƙasar nan kuwa da mutane a ciki. Baɗi wa zai hau ya gyara su?"

 Kwatar har yau ba a gina ta ba, kuma wata damina na tafe. Ku magina da matasan unguwa, yana nan zaurensa, kansa garau, bakinsa bai gaji ba. Ku je ku zauna gabansa ku koya, tun yana da ƙarfin nuna muku da hannu.