Ƙwan Zabin Inna a Zauren Baje Koli

A shekarata ta uku a jami'a, a Dutse, na mayar da wani mataccen firij injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ba wani abin a zo a gani ba ne: gulob, 'yar fanka, batir, da farantin sola a bayan ɗakin da nake haya. Amma yana aiki. Zabuwa kuwa ba ta da haƙurin kwanci, sai an sa wa kaza ƙwanta, kaza kuma nawa za ta rufe? Don haka da damina ta kankama na tafi ƙauyenmu a Buji na lallaɓi Inna, mahaifiyata, ta ba ni ƙwan zabinta. Da zabin nan take yi wa ƙannena ɗinkin Sallah. Ta daɗe tana kallona, sannan ta jera mini su a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, har da na maƙwabta biyu da ta tsaya musu a kaina.

A jami'ar akwai wata cibiya da aka ce ta tallafa wa ɗalibai masu sana'a ce. Tun muna shekarar farko ake ta gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Abin da muka sani shi ne bita: a tara mu, wani mai kwat wanda ko ƙosai bai taɓa sayarwa ba ya koya mana yadda ake zama attajiri, a raba lemo, a ɗauki hoto, a watse.

Ana nan sai aka ce wani babban baƙo zai zo daga Abuja ya ga abin da cibiyar ta haifa. Nan ido ya raina fata, don ba ta haifi komai ba. Daraktanta, mutumin da ko gaisuwata bai taɓa amsawa da baki ba, ya tako har ɗakina yana ce mini ɗanmu. Ya ce in kawo injin zauren baje koli, akwai jari ga wanda ya burge baƙo. Na ce ƙwai ne a ciki, saura kwanaki kaɗan su fashe, ko in kawo shi bayan sun fito. Ya ce firij babu ƙwai ai firij ne kawai. Batir da farantin kuma in bar su a gida, wai za su ɓata tsarin zaure, ga wuta nan ba ta ɗaukewa.

Ranar Alhamis aka yi taron. An yi wa firijina fenti da launin cibiyar, an manna masa tambarinta a goshi, kai ka ce a can aka raine shi. Kusa da ni an jera takalma da man shafawa da aka aro daga kasuwa, an tsayar da ɗalibai a bayansu suna murmushi. Da baƙo ya iso, aka ga soket ɗaya ne mai aiki a gefen dandamali. Wani jami'i ya zare wayar injina ya soka ta lasifika. Na yi magana, ya ce minti biyar ne.

Mutum shida suka yi jawabi. Kowanne sai ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su zo ba, kafin ya sanar da mu cewa matasa su ne manyan gobe. Ni kuwa hannuna na jikin firij ina jin ɗuminsa yana tafiya. Daga ƙarshe baƙo ya leƙa ciki, ya tambaya ko ƙwan agwagwa ne, aka yi dariya aka tafa. Aka miƙo mini wani ƙaton cek na kwali muka riƙe tare da baƙon, aka ɗauki hoto, aka karɓe aka miƙa wa na gaba.

Ana tashi na mayar da wayar, na ruga neman mai Keke Napep da zai kwashe mini injin. Kafin in dawo an kashe janareto, an garƙame zaure. Makulli yana aljihun darakta, darakta yana cikin ayarin rakiyar baƙo zuwa Kano. Na kira shi har na gaji. Da ya ɗauka sai ya ce, "Haba ɗanmu, ƙwai ne fa. Ka bari sai Litinin." Har yau in na tuna muryar nan raina ɓaci yake yi.

Ranar Litinin wari ne ya fara yi mini maraba. Jarin kuwa aka ce yana gaban kwamiti, ina jin yana can har yanzu. Hotona dai yana nan a ƙofar cibiyar, ina washe baki.

Na kai wa Inna ƙwaryarta da abin da ke ciki, don ba ni da bakin yin bayani. Ta fasa ɗaya a bakin turmi. Ga ɗan zabo nan cikakke, har da gashinsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki mayafi ta shiga gidajen maƙwabtan nan biyu ita kaɗai, ta hana ni bin ta.

Da wata daminar ta zagayo na gyara injin, na ƙara masa batir, na je gida da ƙwaryata. Na tarar da kaji uku kwance a akurki, kowacce ta baje fikafikai.

"Inna, ƙwan bana fa?"

"Kaza ta riga ka," in ji ta, ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba. "Ita ba a gayyatarta taro."