Falalu da Allurar Ƙarshe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Falalu ɗan Almu, manomi a Mai Wurno, kwana kaɗan bayan an yi masa tiyata. Taubashina ne, don haka kada kowa ya ga laifina in na tsokane shi. Tun muna yara nake yi, kuma yau ce rana ta farko da ba zai rama ba.

Falalu, kai mutum ne mai kyauta. Ba a wuce gonarka hannu wofi, ko da kuɓewa ce sai ka cusa wa mutum a aljihu. Abu ɗaya ka fi so a duniya, a ce maka jarumi. Labarin kunamar da ta harbe ka kana ban-ruwa mun ji shi har mun haddace, kuma kowace shekara kunamar ƙara girma take yi.

Shekarun baya, kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasar nan, aka yi muku aiki rana ɗaya kai da matarka Talatu. Kai ƙaba, ita matsarmama. Ni na yi jinyarka. Allurar kashe zafi iri ɗaya aka yi muku, morfin. Kai nan take ta kama ka. Ka yi waƙa, ka kira ma'aikacin jinya da sunan jakinka, ka raba gonarka ga marasa lafiyar ɗakin kaf. Da ta sake ka kuwa, ka ɓarke da ihun da ya sa mai shayin bakin ƙofa leƙowa. Talatu tana can ɗakin mata, ko tari ba a ji ta yi ba. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce da sauƙi.

Da aka koma gida ka nemo wa kanka mafita. Ka ce ai mata Allah bai sa musu jin zafi kamar maza ba, allura ɗaya ta ishe su. Ka yi ta faɗa a majalisa har ranar da Talatu ta gaji. A gabana ta ɗauko mayafin da ta kwanta da shi a asibiti, gefensa duk huda kamar ɓera ya ci.

Ta ce, "Malam, haƙorana ne wanga. Allurar ta daɗe ba ta kama ni ba, da tak kama sai amai. Gwaggonninka na zaune kaina, ni yi nishi gaban surukai?"

Ka juya mayafin, ka sake juyawa. Daga baya likita ya gaya mana maganin yakan bi jikin mace da na namiji daban, kuma shirun mara lafiya ba shi ne sauƙi ba. Tun daga nan, duk wanda za a yi wa matarsa aiki a garin nan sai ka tare shi ka ce, "Ya zol, bawan Allah, kak ka yarda da 'da sauƙi'. Duba bakin mayahi."

A wannan jinyar ta ƙarshe ma ina tare da kai. Magani ya yi wuya, kowa ya sani. Aka fito da kai ɗakin farfaɗowa, labule ne kawai tsakaninka da wata baiwar Allah da aka yi wa aikin haihuwa. Allura ɗaya ta rage, kuma kai ake ji, don haka kai aka nufo da ita. Ka riƙe hannun ma'aikaciyar ka ce, "Waccan da tay yi shiru, ita za ki ba. Ni na iya ihu, shi ad dabarata."

Ka kuwa yi shi, Falalu, har la'asar, babu ko kunya. Ina riƙe da hannunka ina dariya, hawaye na zuba. Sunan da ka yi shekaru kana nema da labarin kunama, a ranar ka same shi, kana tsakiyar kiran sunan innarka. Na yi kewarka, taubashi, kewa mai tsanani.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, Ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Talatu, da 'ya'yanka Alhasan da Ramla, da jama'ar Mai Wurno baki ɗaya. Talatu, ke kuma wannan karon ki yi kukanki a fili, babu wanda zai ga laifinki. Allah Ya ba mu haƙuri, amin.