Wa Ya Ɗaure Cikin Fari

Ranar Asabar ta jajibirin Ista, ina aji huɗu a firamare, saniyarmu Fari ta haihu a bayan rumbun acca. Ni ke tatsarta kullum kafin in tafi makaranta, don haka ni na fara lura mabiyiya ta ƙi faɗowa, tana ta reto har yamma. Baba Bitrus, wan babana, mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba" a rayuwarsa, ya dawo daga gonar citta, ya cusa mata hannu ko wankewa bai yi ba, sannan ya ɗaura wa mabiyiyar dutse wai nauyi ya jawo ta. Ta tsinke, rabi ya zauna a ciki.

Kafin mako ya zagayo wari ya kore mu daga inda muke carafke. Mugunya na zuba, jikinta zafi rau, nono ya ja baya. Daga baya ta warke a ido, amma damina biyu ana kai ta wurin bijimi a ruga, ko kallonsa ba ta yi.

Maƙwabciyarmu Mama Saratu, tsohuwa marar miji, takan zo da ɗan kwanonta kowace safiya in zuba mata nonon kunu. A ƙofar coci Baba Bitrus ya ce, "Wannan saniya an ɗaure cikin shi. Ku duba wanda ke zuwa gidan da safe." Bai kira suna ba, ba ya bukata. Matan zumuntar coci suka bar wa Mama Saratu benci ita kaɗai, mu yara aka hana mu ɗebo mata ruwa. Ran da na haɗu da ita a bakin rijiya abin da ta ce kawai shi ne, "Rifkatu, yaya jikin Fari?" Daga baya ta kwashe kayanta ta koma wurin 'yarta a Zangon Kataf, can ta rasu.

Sai da na girma na yi tawa saniyar, likitan dabbobi a Kafanchan ya yi mini bayani. Idan mahaifa ta ruɓe, ƙwayoyin cuta na sakin dafi, kumburi ya tashi, dafin ya bi jini ya hana ƙwai nuna, sai saniya ta daina neman bijimi ko da ciwon ya lafa. Da an yi wa Fari allura da wuri, da wataƙila ta sake ɗauka. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai huce ba. Na kai wa Baba Bitrus maganar, ya gyara zama ya ce, "To, Allah ne ya san gaskiya."

Yanzu saniya na ciwo sai a buga waya, likita ya zo a kan babur. Ɗakin Mama Saratu ya rushe, jikokin masu gudun bencinta na shuka citta a wurin. Ta tafi kabari ba wanda ya ce mata "yi haƙuri".